Ƙarfen da Na Sassaƙa wa Surukina

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai aya, don ni ma ƙyamar kaina nake ji.

Ni makaniken babura ne a Batsari. Bana na sayo wani ɗan injin sassaƙa ƙarfe na hannu a Katsina, irin wanda ake ɗaurewa a kan teburi, na kafa shi a zauren gidana. Ya zo duk tsatsa da daskararren baƙin mai, har da kashin ɓera a cikinsa. Na wanke shi da kananzir, na ɗaure shi da notuna, na yi ta cusa yankan gwangwani a ƙarƙashinsa har ya daina rawa. Burina in riƙa fitar da ƙananan kayan babur da na injin niƙa, in huta da zaryar birni.

Ana nan sai ga surukina daga ƙauyensu ta wajen Runka. Na durƙusa na gaishe shi, ya zaro wani siririn ƙarfe karyayye daga aljihu ya ce, "Na injin ban-ruwa ne, ka fidda mani irin shi." Wallahi na san injin ban-ruwa ciki da bai, babu wannan abu a jikinsa. Amma wa ke titsiye suruki? Mutumin da ko sunansa ba na kamawa, ko ido ba na haɗawa da shi? Na ce, "To, Baba." Na yi masa. Ya dawo, na sake yi, har ina washe baki wai injina ya karɓu.

Rannan abokina ɗan sa-kai ya shigo zauren, ya tsinci wani irin ƙarfen surukin nawa da na ɓata, ya jujjuya shi ya ce, "Wa ya kawo maka wannan? Allurar bindiga ce, irin ta mutanen daji." Na ce a tarkacen injin na same shi. Ƙaryar ta fito sumul, ko inda-inda ban yi ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Surukin nawa ya aiko mana da buhun gero. Matata ta tuƙa tuwo tana ta yabon babanta, ni kuwa na kai loma ɗaya na ture kwanon. A daminar nan aka harbe ɗan maƙwabcina a gona. Da na je ta'aziyya hannuwana kawai na zauna ina kallo.

Yanzu ya aiko cewa yana tafe ranar kasuwa. In na faɗa wa 'yan sa-kai, na san ba kotu za su kai shi ba, kuma uban matata ne. In na ƙi yi, zai gane na gane, waɗanda suka aiko shi ma za su gane. In na yi, wani ɗan ne kuma za a binne.

Me zan yi?