Makunnin Umma na Tsakar Gida

Asabar, 14 ga Yuni, 2025
Yau na ɗaura wa zauren mahaifina, Malam, sabon makunni, irin wanda ake rage haske da ƙarawa ta wayar hannu. Idonsa ya daina jure hasken nan mai kashe ido in yana biya wa ɗalibai littafi bayan Magariba. Fitilar ɗaya ce, makunninta biyu, ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida gefen madafi. Sabon yana buƙatar ƙarin wata wayar wuta da muke kira nutural, wanda ya yi wayarin gidan nan kuwa bai sauko da ita ba, Allah Ya shirye shi. Na janyo ta daga silin. Makunnin tsakar gidan kuwa na zare wayoyinsa na naɗe da tef. Me za a yi da shi? Ba yabon kai ba, duk Yalwawa ban ga mai yin wannan aikin ba.

Lahadi, 15 ga Yuni
Malam ya ce, "Madalla, Abdulkahar." A bakinsa wannan babbar kyauta ce.

Talata, 17 ga Yuni
Tuwon Malam ya huce jiya, yau ma haka. Bai shigo ba sai bayan Isha'i. Umma gaisuwata kawai take amsawa. To ni me na yi?

Alhamis, 19 ga Yuni
Ƙanwata Afra'u ta ce, "Yaya, wai kai kaɗai ne ba ka sani ba?" Ashe Umma ba ta leƙa zaure in da maza, ba ta kuma son aike. Tun tana amarya, in abinci ya sauka sai ta kashe fitilar ta kunna daga ciki, Malam ya gane. Ni kuwa tun tasowata na ɗauka wuta ce ke rawa, ni mai lantarki guda! Na ce ai sai ta kira shi. Umma ta ce, "Ni zan buga wa Malam waya a gaban ɗalibansa a kan tuwo?" Na ji kunya ƙwarai. Amma dai aikina ba shi da laifi.

Asabar, 21 ga Yuni
Na mayar da wayoyin makunnin Umma, na haɗa su da sabon, na gyara saitinsa yadda zai ɗauke nan take, ba a hankali ba. Bayan Magariba na zauna a zaure, wai gwaji nake. Fitila ta ƙifta. Malam bai ɗaga kai ba. Ya ƙarasa layinsa, ya ce, "Wallahu a'alamu," ya rufe littafi yana ɓoye murmushi. Ɗalibai tuni sun fara laluben takalma.

Gidan da nake ginawa, inda ni da Zaituna za mu tare bayan bikinmu, makunni ɗaya na sa wa zauren. Gobe zan je can in ɗan fasa bangon tsakar gida. Gyaran wayarin ne kawai.