Kada a Sake Kulle Mana Sashen Ido

Zuwa ga Mai Girma Shugaban babban asibitin da ake tura mu neman maganin ido a birni, tare da hukumar gudanarwarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi muku sannu da aiki, da fatan ku da iyalanku kuna lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Sabi'u, manomin rani ne ni a wani ƙauye da ke ƙasar Bunkure, ina yin shinkafa da tumatir a bakin kanal. Na fito bainar jama'a ne saboda labari ya iso mana cewa ana shirin sake kwashe sashen ido, a mayar da shi wurin killace masu wata cuta da ta ɓulla. In jita-jita ce, a fito a ƙaryata, hankalinmu ya kwanta. In kuwa gaskiya ce, to ga abin da irin wannan shawara ta taɓa yi mini.

Na ɗaya. A shekarar korona, ana tsakiyar kulle, muna bugun shinkafa ƙaiƙayi ya faɗa mini a idon hagu. Duk manomi ya san wannan, sai ka wanke da ruwa ka ci gaba da aiki. Amma nawa bai lafa ba. Idon ya kaɗa ya yi jajir, hawaye ba ya tsayawa, rana kuma ta zama abokiyar gaba. Na je asibitinmu na Kura, suka duba, suka ce abin ya fi ƙarfinsu, in hanzarta zuwa wajenku. Babu mota a hanya. Yayana Malam Habu ya goya ni a babur, muka yi ta ratse ta gonaki muna kauce wa shingaye, na ɗaure fuska da rawani saboda iska. Da muka iso, sai muka tarar da kwaɗo a ƙofar sashen ido. Ba sanarwa, ba wanda aka ajiye ya ce mana ga inda za mu nufa.

Na biyu. A bakin ƙofar shiga akwai wata matashiyar likita sanye da takunkumi, tana auna zafin jikin masu shigowa. Da ta ga yadda nake dafe da fuska, ta ja ni gefe, ta haska idon da fitilar wayarta. Ta shaida mana ita likita ce mai neman ƙwarewa a aikin ido, an ɗauke likitocin sashen duka an rarraba su wasu wurare. Ta ce gyambo ne ya fito a baƙin idon, kuma sai an duba shi da na'ura an ɗebi samfur kafin a san maganin da ya dace. Na'urar tana can bayan wannan kwaɗon. Ta je neman mai mukulli, ta dawo ba ta same shi ba. Ta rubuta mana maganin ɗigawa, ta ce Allah Ya sa a dace. Mun zagaya kemis-kemis ba mu samu ba, aka ba mu wani aka ce kusan ɗaya ne.

Lokacin da aka buɗe sashen na koma, idon ya riga ya yi fari fat. Babban likitan da ya duba ni ya ce da an kama ciwon da wuri, da an ceci idon. Na yarda da ƙaddara, ranka ya daɗe. Amma kwaɗon nan mutum ne ya sa shi.

Na uku. Ban raina annoba ba. Mu ma mun binne dattawanmu a wancan lokaci, na kuma san ma'aikatanku sun yi kasada da rayukansu. Abin da na kasa fahimta shi ne yadda aka ɗauki ciwon ido a matsayin wanda zai iya jira. Gona ba ta tsaya ba. Masu casa da masu feshi da masu yankan kara duk suna bakin aiki, ido kuwa kullum yana cikin haɗari.

Na huɗu, wanda shi ya fi tayar mini da hankali. Idon dama da ya rage mini ya fara hazo. Likitanku ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki. An sa mini rana an ɗaga, an sake sawa an sake ɗagawa, kullum dalilin ɗaya ne: masu aikin sun yi kaɗan. Na tambayi labarin waccan likitar, aka ce ta gaji da jiran horon da ya tsaya, ta bar asibitin. Ita da ire-irenta ne ya kamata a ce yau suna tsaye a ɗakin tiyata. Ga shi yanzu ba na iya bambance ciyawa da shinkafa sai na durƙusa, na daina hawa babur, kuma iyalina da wannan idon suke ci.

Don haka ina roƙo, don girman Allah. Ko wace irin annoba ce ta zo, a bar ƙofa ɗaya a buɗe domin raunin ido na gaggawa, da likita da na'urarsa a ciki. Kada a sake katse karatun likitocin ido masu tasowa. A ba su kayan kariya su ci gaba da koyo a gaban manyansu. A riƙa turo su Kura da Garun Malam lokacin girbi, su tare ciwo tun yana ƙarami. Ni kuma a tsayar mini da rana guda wadda ba za a ɗaga ba.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya kare ku da ma'aikatanku daga kowace cuta, Ya sa ku gama lafiya. Ku ne masu yanke shawara, ni nawa jira ne. Sai dai ku sani, ba ni da wani idon da zan sake bayarwa.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Sabi'u, daga ƙasar Bunkure.