Baba Ya Haye Gore, Ya Ƙi Dawowa

Unguwar Madina, Dakar

Zuwa ga Yaya Hamadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Penda da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka a can Gabon, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan gida sai godiya. Ƙafar tsohuwarmu Nene ta yi sauƙi, har ta koma kasuwa tana faɗa da masu kifi. Ƙanwarmu Dado ta sauka lafiya, namiji, kamar yadda na gaya maka a waya. Abin da ban gaya maka ba, don waya ba za ta ɗauke shi ba, shi ne labarin Baba. Kada gabanka ya faɗi, lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi. Sai dai ba ya gida.

Ka san halin tsohonka da ruwa. Tun yana saurayi ya baro Jolof ya zo Dakar sayar da raguna, ya tsufa yana hango tsibirin Gore daga bakin teku, bai taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Ko da aka kai Dado gidan mijinta Jegan a can, a bakin tasha ya tsaya ya yi mata addu'a ya juyo. To da aka haihu, Jegan ya aiko cewa yana so ya sa wa yaron sunan Baba. Murna ta hana Baba zama. Kwana bai yi nisa ba sai ga saƙo na biyu daga mahaifin Jegan, tsoho Ngor Sen, wanda ka san bakinsa. Wai a gaya wa bawansa Bafulatani, su Serer ba sa yi wa mutum takwara yana ɓoye a ƙarƙashin gadon matarsa. In bai zo da ƙafarsa ba, sunan Ngor za a raɗa wa yaron, kuma a koya masa cin kifi har ya manta da nono. Wasa ne irin namu da su, amma wasan Ngor yakan zama gaske, kuma Jegan ba zai iya musa wa ubansa a gaban liman ba.

Yaya, ban taɓa ganin Baba cikin irin wannan hali ba. Ya daina cin abinci. Ya je tasha da kansa ya tambayi mai sayar da tikiti ko akwai wata hanya ta baya da ake bi a ƙafa in ruwa ya janye. Mutumin ya ce masa akwai, amma ta ƙarƙashin ruwa take. Ya dawo yana zagin mutanen birni. Ranar suna da safe ya tara mu ya raba shanunsa na ƙauye da baki, kai ka sami jar saniyar nan, ni kuwa ya ce in haƙura tunda ni na goyi bayan auren tsibiri. Sannan ya ɗaura duk layun da ya mallaka, har da na maganin kunama, ya ja ragonsa muka tafi.

Ragon ya shiga jirgi kamar ɗan gida, ya sami gefe ya kwanta yana tuƙa. Baba kuwa sai da ni da wani ma'aikacin jirgin muka ɗaga shi. Jirgi na yin ƙara ya damƙi hannun wani Bature mai jan wuya da ke kusa da shi, ya rufe ido, ya kama karatu. Baturen ya zaci irin karamcinmu ne, ya riƙa murmushi yana gyaɗa kai, matarsa tana ta ɗaukar hoto. Tafiyar da ba ta kai dahuwar shayi ba, amma kafin mu isa yatsun bawan Allah sun yi fari. Ni dariya na ci na, tausayi na ci na, kunya kuma ta fi su duka.

A bakin gaɓa muka tarar da Ngor ya ci babbar riga, yana riƙe da bokiti. Ya miƙa wa Baba a gaban jama'a, wai ga tarbar da ake yi wa Fulani, ya amayar da tsoron a nan kada ya ɓata masa tsakar gida. Baba ko tsayuwa bai gama daidaitawa ba ya ce masa ya ajiye bokitin ya ci tuwonsa a ciki, tunda ba a taɓa ƙera kwanon da ya ishi Baserere ba. Nan na san ya farfaɗo. Aka shiga gida, aka sha kunun gero da nono, aka yanka rago, liman ya raɗa suna. Da aka fito aka ce Yero, na ga hawaye a fuskar Baba. Ya ce gishirin teku ne ya shiga masa ido.

Rigimar sai da la'asar ta tashi. Jirgin komawa ya yi ƙara, muka tattara kwanuka, Baba ya gyara zama a kujerar Ngor. Ya ce shi mutum ne mai alkawari: ya roƙi Allah ya haye da shi sau ɗaya, an amsa masa, ba zai koma yana roƙon abu guda sau biyu kamar marar kunya ba. Muka yi lallashi, Jegan ya durƙusa, Dado ta yi kuka, ko gezau. Ngor ya ce wa jama'a su shaida, ya gayyaci baƙo, baƙo ya gaje masa gida. Amma ka san ba a korar abokin wasa, ko me ya yi. Yau yaron ya fara riƙe wuya, Baba na can. Ya ƙwace inuwar kukar da Ngor yake zama, yana kwana a ɗakinsa, yana cin shinkafa da kifi yana kushe ta. Masu yawo da baƙi har sun fara nuna shi suna cewa shi ne mafi tsufa a haifaffun tsibirin, shi kuma yana gyaɗa kai da girma, a ɗauke shi hoto.

Abu guda ne ya taɓa tsayar da wasansu, shi da Ngor. Dado ta ce wata rana Ngor ya kai shi gidan nan da aka riƙa tsare bayi, ya nuna masa ɗakunan da ƙofar da ke kallon teku. Baba ya daɗe tsaye a bakinta, shi da ba ya son ko kallon ruwa. Da suka fito ya ce ashe akwai waɗanda aka sa a jirgi ba a tambaye su ba, kuma ba su da wanda zai ɗauki sunansu. Ranar har suka kwanta ba wanda ya kira wani bawansa. Washegari suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Makon jiya na je da niyyar ko da faɗa sai na taho da shi. Na same shi a kan tudun da tsofaffin igwogi suke, yaron na kan cinyarsa, yana nuna masa Dakar. Na fara jawabin da na shirya, ya bar ni na gama. Sannan ya ce in duba garin can da kyau, ya ƙarar da ƙarfinsa a cikinsa, amma ko lungu ɗaya ba a kira da sunansa. A nan kuwa kullum da safe sai ya ji Dado tana cewa Yero ya tashi, Yero ya yi dariya, Yero na jin yunwa, kuma duk gidan su taso a guje. Ya ce in faɗa masa abin da zai koma ya ɗauko. Wallahi Yaya sai na zauna kusa da shi na yi kukana.

Saboda haka roƙona gare ka, in kun yi waya kada ka matsa masa. Da na dawo na ba Nene labari, ta ce tsohon banza, wa ke dama masa fura a can. Jiya na tarar ta ɗaure ƙwaryarta da ludayi a cikin zane. Ita ma ba ta taɓa shiga jirgi ba, kuma ni zan kai ta ranar Juma'a. Ka sa ni a addu'a, ka sa duk wanda zai zauna kusa da ita. Ngor bai sani ba tukuna.

Ka gaishe mini da Yaya Penda, da Sileman da 'yar autarku Ramata, da Kawu Demba in kun haɗu. Nene tana sa muku albarka, Dado da Jegan suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Hulai Ka