Tabon Mujeeb

Small Heath, Birmingham

Ƙanena Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ɗiyarka Hikma ta faɗa min abin da GP, likitanka, ya ce game da zuciyarka. Allah ya sawwaƙe.

Ba zan ɓoye maka ba. Zanen mutanen nan da ka cika flat ɗinka, gidan nan naka, da su tun kana sojan ruwa, ka ƙone su kafin ka gamu da Ubangijinka. Malamai sun ce ranar ƙiyama za a ce wa mai zane ya busa musu rai. Ni na ƙone hotunana tuni, har na ɗana Mujeeb. Tsoro nake ji maka, wallahi.

Yayarka,
Raki

Salford, Manchester

Yaya Raki,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, taurin kan ma yana nan.

Ba zan ƙone ko ɗaya ba. Lokacin da jirginmu ya tsaya Monrovia ana yaƙi, ina hafsa, kullum sai na ga an jera gawa a bakin tasha, babu mai tambayar sunan kowa. Na ɗauki fensir na zana fuskokinsu, saboda kowanne ɗan wata ne. Ban taɓa cewa zan busa musu rai ba. Idan aka tambaye ni, abin da zan faɗa ke nan.

Na san asalin fushinki. Ni na sa Mujeeb aikin jirgi, na dawo gida Sekondi babu shi. Shekara talatin ba ki yafe min ba, kuma ban ga laifinki ba. Ga zanensa nan cikin ambulan, kwana biyu kafin a harbe shi, yana wanke benen jirgi yana dariya. Naki ne. In za a ƙone shi, ke za ki ƙyasta ashanar, ba ni ba.

Ki gaida yara.

Ƙanenki,
Abdulsalami

Small Heath

Abdulsalami,

Salama. Zanen ya iso, na ɗauko ashana kuwa.

Wai kai ne gwanin zane? Ka sa masa tabo a girar dama. A hagu yake, ranar da ya faɗo daga bayana a unguwarmu Nima ya same shi. Ga shi na mayar maka. Ka gyara tun hannunka yana moruwa, Asabar zan zo in karɓi ɗana.

Allah ya ƙara sauƙi.

Raki