Ka Nuna Masa Alƙibla

Nakkasa, Makka
Rajab 1435

Zuwa ga Yaya Ya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali da duk mutanen Maraɗi. Na ba Alhaji Rabe wannan takarda da ya gama umara, don a waya murya takan ƙi mini.

Yaya, ɗanka na wajena ya shigo jiya yana rawar jiki, wai Nijar ta zaɓe shi ya wakilce ta a gasar waƙa ta ƙasashe, wadda ake nunawa a talabijin. Ya ce bidiyon da aka ɗauke shi yana waƙa a walimar maƙwabta ne wani ya miƙa wa masu zaɓen. Ban san ko wane ne ba, Allah ya yafe masa.

Ka san a nan aka haife shi, kuma ba shi da igama, takardar zama. Mai irin wannan hali ƙofa ɗaya gare shi: ya kai kansa tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, a ɗauki basamarsa, wato tambarin yatsunsa, a fitar da shi. Wanda aka ɗauki basamarsa kuwa, sai bayan shekaru ya dawo, in ma ya dawo. Tun Muharram ake kame a unguwarmu. Ko ƙarar mota na ji a gindin dutsen unguwar sai in leƙa in ga ko takalmansa na bakin ƙofa. Na ɓoye shi tsawon rayuwarsa, yanzu shi zai kai kansa.

Ni ba na iya ce masa kada ya tafi. Ɗan fari ne, ko ido ban saba haɗawa da shi ba. Kai ne kawunsa, ka hana shi.

Ƙanwarka,
Rahama

Maraɗi
Sha'aban 1435

Rahama,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai kewa.

Wanda kike nema wa gafara ni ne. Ni na kai bidiyon Yamai da hannuna, kuma ban yi nadama ba. Hafizu ya haura ashirin yana dakon ruwa a Arfa lokacin hajji, sauran shekara yana laɓe kamar ɓarawo. Ko bai tafi ba, wata rana za su ɗauke shi a titi, ba sallama, ba tuta a kafaɗa. Gara ya fita da ƙafarsa.

Har yau ba ki iya rubuta sunansa? Kunyar nan taki sai ka ce kakarmu Ɗaso. Ki kira shi ki sa masa albarka, ita yake jira.

Yayanki,
Ya'u

Nakkasa
Ramadan 1435

Yaya,

Sallama da barka da shan ruwa. Na karanta, ba zan yi maka musu ba.

Ya tafi tarhil ranar Lahadi. Kafin ya fita ya durƙusa ya ce, "Ummi, samihini, ki yafe mini, ki ce wani abu." Na ce ya ɗauki rigar sanyi. Shi ke nan abin da ya fito. Na ba shi zamzam a ƙaramar jarka, an ce sun karɓe a ƙofa. Tun da aka karɓi wayarsa ban ji muryarsa ba. Shatu maƙwabciyata ta ce ɗanta ya yi wata biyu a ciki kafin jirgi. In ranar gasar ta wuce yana tsare fa? Ya rasa Makka, ya rasa waƙar.

Don Allah in ya sauka ka aiko.

Rahama

Nakkasa
Zulƙida 1435

Yaya,

Sallama. An fitar da shi kan lokaci, mun gan shi a talabijin a ɗakin Shatu. Ya rame. Da suka ce "Nijar" sai da ya ɗan waiwaya, kamar wani ake kira. Na huɗu ya zo, ni dai ban ji ko baiti ɗaya ba, yatsunsa nake kallo.

Ya bugo mini daga masauki, ya ce ya shimfiɗa darduma ya rasa inda zai fuskanta. Bai taɓa tambaya ba, daga kan dutsenmu ana hango hasumiyoyin Harami.

In ya iso Maraɗi, kafin abinci, kafin 'yan barka, ka nuna wa Hafizu alƙibla. Ka ce masa ni ina can wajen.

Ƙanwarka,
Rahama