Macijin da Ya Fito Min da Auta

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na yi wauta. Abokiyar aikina a ɗakin gwajin jini, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ta ce a gaban kowa wai ba zan iya tseren kilomita goma da asibitinmu ya shirya ba, tunda matakalar bene ma sai na huta a tsakiya. Kafin in ankara na ce a sa sunana. Ni da shekara hamsin da ɗoriya! Abbansu ya yi dariya har da tari.

Auta bai ji ba, ƙofarsa a rufe kamar kullum. Tun da kamfaninsu ya durƙushe aka sallame su, ɗana ya tare a ɗaki, shi da littattafansa masu kauri kamar bulo. Wannan ne ke cin raina, ba gudu ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na gasa kek ɗin ayaba, wanda a da yake cinye rabinsa tun bai huce ba. Na bar ƙofar kicin a buɗe don ƙamshi ya yi aikinsa. Ya leƙo, ya yanki ɗan siriri, "Sannu, Umma," ya koma. Gemu duk ya cinye masa fuska. Abbansu ya ce in ƙyale shi, zai ware. Watanni ke nan muna jiran warewar.

Lahadi, 7 ga Satumba

Gudun farko: daga ƙofar gida zuwa gidan mai. Na zube a bencin mai faci ina haki, ya tambaye ni ko wani ne ya biyo ni.

Laraba, 10 ga Satumba

Auta ya manta littafi ɗaya a falo. Na ɗauka in ga abin da ke ciki da ya fi uwarsa. Wai wata maƙeriya ce ta tsinci ƙwai a tokar maƙerarta, ya ƙyanƙyashe maciji mai fuka-fuki. Ga wani sarki makaho da wazirinsa mai zaƙin baki. Shirme, na ce. Sai da na ji ƙauri sannan na tuna da biskit a tanderu. Tire guda ya tafi.

Asabar, 13 ga Satumba

Allah ya yafe min, amma dabara ta yi.

Muna shan shayi da Abbansu, na ɗaga murya yadda za ta ratsa bango, na ce ai macijin nan mugu ne, waziri ne mutumin kirki, da ni ce maƙeriya shi zan aura. Abbansu bai san kan zancen ba, ya ce ai kuwa.

Sai ƙofa ta buɗe garam.

"Waziri fa, Umma? Shi ne fa ya makantar da sarkin!"

Ya tsaya a tsakiyar falo yana bayani da hannu bibbiyu. Rabon da in ji muryarsa ta tashi haka har na manta. Daɗi ya cika ni, amma na ɗaure fuska. Na ce rubutun ƙanana ne, idona ba ya jurewa, in yana son in gane ya raka ni gudu ya ba ni da baki. Ya ce shi ba ya gudu. Na ce shi ke nan, ni dai ina bayan waziri.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ya fito. Da silifas, yana kumbure-kumbure, amma ya fito.

Laraba, 24 ga Satumba

Mun sami tsari. In kwaɓa fulawar burodi, in rufe da jiƙaƙƙen tawul, mu fita. Kafin mu dawo kwaɓi ya tashi, sai gashi. Abin kunyar shi ne ni ina gudu, shi yana tafiya, kuma kafaɗarmu ɗaya.

Yaron nan ɗana ne na gaske, ya juya min dabarata. Daidai inda aka jefa maƙeriya a rijiyar gishiri na tsaya na dafa gwiwa, sai ya yi gum.

"Ci gaba mana!"

"In kin tsaya, labari ya tsaya."

Na zage shi a zuci na ci gaba da jan ƙafa. Har kwanar makarantar firamare muka kai.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Yaƙin tsibiri na cikin labarin ya ɗauke mana hankali, muka yi nisa har bayan filin ƙwallo. Mun dawo kwaɓi ya tumbatsa, ya zubo har kan tebur. Burodin ya fito a baje, ga tsami. Abbansu ya ci yanka uku yana cewa shi dama irin wannan yake so. Munafuki.

Auta ya ari kambas ɗin babansa. Ya kuma rage gemu. Na yi kamar ban gani ba, kar in kore shi.

Talata, 7 ga Oktoba

Bai fito ba. Wani wurin da ya nemi aiki sun ce a'a. Na ƙwanƙwasa, bai buɗe ba. Na fita ni kaɗai, ko gidan mai ban kai ba na juyo. Tsoro nake ji, kar mu koma inda muka fito.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Dabara ta ƙare min. Na tsaya a jikin ƙofarsa da fulawa a hannu, na ce, "Auta, ni ba na son waziri. Ban taɓa son shi ba. Kai nake so in gani a waje."

Har na juya zan tafi, sai na ji muryarsa.

"Na sani, Umma. Tun ranar farko. Wa zai so waziri?"

Na yi dariya, na yi kuka, na shafa fulawa a fuska. Bai buɗe ba, amma na ji yana neman takalmi a ƙarƙashin gado.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na gama! Da ƙafafuna na gama!

Mutane cike da titi, kowa da lamba a ƙirji. Auta ma ashe ya sa sunansa a ɓoye. Yana gefena yana ba ni ƙarshen littafi na biyu, maciji ya ɗauki sarki makaho a bayansa, ni kuwa numfashi na neman gagarata. Wasu samari masu riguna iri ɗaya suka wuce mu, na ga idonsa ya bi su, ƙafarsa na ƙaiƙayi. Na ce, "Tafi." Ya ce labari fa? Na ce labarin ya jira. Ya tafi kamar an sake shi daga igiya.

Da na iso, ana ta kwashe kujeru, shi yana tsaye da samarin nan suna min tafi. Rediyo kuwa motar asibiti ce ta kawo ta, wai ƙafarta ta riƙe. Ba zan ce mata komai ba ranar Litinin. Kek kawai zan kai mata, babba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Yanzu da samarin nan yake fita, tun ban gama kwaɓi ba. Ɗayansu yana da shagon buga takardu, wai suna neman wanda ya iya kwamfuta. Ba tabbas tukuna. Jiya bai dawo ba sai yamma, ya ci rabin kek a tsaye ya sake fita. Abin da na roƙa ke nan, na sani. To amma gidan ya yi shiru, kuma ba wanda ya tambaye ni ko ina son rakiya.

Tsere ya wuce, ba ni da dalilin fita. Kawai dai kwaɓi na buƙatar lokaci, zama kuma ba daɗi, shi ya sa na ɗaura takalmi.

A bayan filin ƙwallo suka zo wuce ni, su wajen goma. Na kawar da kai kar in kunyata shi, tsohuwa tana jan ƙafa. Sai na ji "Umma!" da ƙarfi, titi duk ya ji. Wani a cikinsu ya ce mamarka ma tana yi? Auta ya ce, "Ita ce ta koya min."

Ƙarya yake yi, ni ban koya wa kowa komai ba. Na dai ƙara zagaye ɗaya kafin in koma gida.