Matashin Jak

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya jikin, yaya kuma hannun? Kana dai matsa ƙwallon da likita ya ba ka, ko har yanzu jikokinka ne ke wasa da shi a tsakar gida? Allah ya ƙara afuwa.

Baba, 'yarka ta sha kunya. Ranar Talata na ɗauko likitocin dabbobin da nake tuƙawa, muka bar kwalta, ba mu yi nisa ba mota ta kafe a yashi har cikinta ya taɓa ƙasa. Na ɗauko jak don in ɗaga taya in cusa duwatsu. Ina ta juyawa, gumi na zuba, motar ko gezau, ashe jak ɗin ne ke nutsewa. Awa biyu muka yi muna tono da hannu, babban likita har da tuɓe takalmi.

Da muka dawo na ce ni 'yar kafinta ce, ba za a sake ba. Na samo katako biyu masu kauri, na ɗora ɗaya kan ɗaya, na shafa gam na buga ƙusoshi, don jak ya sami wurin zama mai faɗi. Abokan aiki suka raɗa masa suna matashin jak. Gwajin farko, mota na fara tashi, sai ji muka yi ƙas! Ya rabe biyu. Sun yi mini dariya har da riƙe ciki.

Ga guntayen nan na haɗo da takardar. Don Allah ka duba ka gaya mini inda na kuskure, damina ta kusa, kuma laka ta fi yashi mugunta.

A gaida Umma da yaran Yaya.

Taka har kullum,
'Yar Zarto

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya gida, yaya ƙafa, yaya jinyar maigidanki mai taurin kai? Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki.

Wannan taki ce ke kaɗai, kada ki karanta masa. Na sami saƙonki na yi ta maimaita shi. Kin ce ya juya guntayen, ya yi tsaki, ya ajiye, ya sake ɗauka. Umma, wannan tsakin ya fi mini komai daɗi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, wata bakwai ke nan, ban ji an ce wani abu ya ba shi haushi ba.

To ga gaskiyar magana. Kafewar mota gaskiya ce, amma fashewar katakon da gangan na yi. Na san sarai idan za a haɗa katako biyu don ɗaukar nauyi, gicciya su ake yi, jijiyar ɗaya ta bi tsaye, ta ɗayan ta bi kwance. Ni kuwa na jera su hanya ɗaya, har na zaɓi mai tsaga a ciki. Allah ya yafe mini, na yi wa mahaifina dabara.

Abin da ke tsorata ni shi ne zaman nan da yake yi a bakin taga, shago a kulle, yana cewa aikinsa ya ƙare. Hannun bai dame ni kamar wannan ba. Zuwan da na yi na ƙarshe, na ga ya juya kujerarsa don kada ya riƙa ganin ƙofar shagon. Na shiga mota na yi kukana ni kaɗai.

Ki ajiye makullin inda idonsa zai gani. Kada ki miƙa masa, kin san halinsa, sai ya ce tausayinsa ake ji.

'Yarki mai kewarki,
Auta

Zuwa ga Babana, kafintan kafintoci,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ba zan tambayi hannun ba, ya aiko mini da amsa da kansa.

Saƙo ya iso ranar Litinin. Ni takarda nake jira, sai ga direban babbar mota yana sauke abu a buhu yana nishi. Da na buɗe, ƙamshin sabon katako ya buge ni, sai na zauna a kan tayar da ke gefe ina dubawa. Hawa uku, kowanne a gicciye, an ɗaure da noti huɗu maimakon ƙusa. Ga gurbi a tsakiya daidai gindin jak don kada ya zame, ga igiya a gefe ta fizgo shi daga laka. Ni ko tunanin igiyar ban yi ba.

Ranar Alhamis aka yi ruwa, muka faɗa wani taɓo da ya haɗiye tayar baya. Na shimfiɗa matashin, na ɗora jak, na juya. Baba, motar nan ta tashi kamar an kira sunanta. Kafin babban likita ya gama kwance igiyar takalminsa mun fita. Masu dariyar nan yanzu shafa katakon suke yi suna tambayar wa ya yi.

Sai kuma 'yar takardar da ka cusa a gurbin, wadda a ciki ka ce yarinyar da ta iya gicciya katako tun tana shekara tara ba za ta manta da girma ba, kuma a daina yi wa tsoho wayo. Na shiga uku! Ashe tun ranar farko ka gane. Kuma duk da haka ka tashi ka ɗauki makulli. Na yi dariya har na ƙware, daga baya hawaye suka biyo.

Umma ta ce kwana tara ka yi kana yanka da hannun hagu, ka hana kowa taɓa zarton. Na gani, gefe ɗaya ya ɗan karkace. Makanikinmu ya ce zai daidaita mini da inji, na ce idan ya taɓa shi ni da shi ne.

Yanzu direbobi huɗu sun ce suna son irinsa. Na ce musu kafintan yana da aiki a gabansa, ba ya son gaggawa, sai su bi layi. Ka ga na riga na yi alkawari da sunanka, saura ya rage naka.

A gaida Umma, a ce mata asirinmu ya tonu.

Taka mai sonka,
'Yar Zarto